Garba Lawal

Garba Lawal, wanda ake yi wa laƙabi da Chindo, tsohon ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne na Najeriya da aka haifa a birnin Kaduna ranar 22 ga Mayun 1974. Ɗan wasan tsakiya ne mai amfani da ƙafar hagu, kuma ya yi wa Super Eagles wasa na kimanin shekara goma. Yana cikin tawagar da ta ci lambar zinare a gasar Olamfik ta 1996, ya je Gasar Cin Kofin Duniya sau biyu, a 1998 da 2002, ya kuma buga Gasar Cin Kofin Afirka sau huɗu a jere. Akasarin ƙididdiga na nuna ya yi wa babbar tawagar ƙasa wasa 57, ya ci ƙwallo 6.

Tasowa

Lawal ya taso ne a lokacin da Kaduna ke cikin manyan cibiyoyin tamaula a Najeriya. A shekarun 1980 ƙungiyar Ranchers Bees na tashe, filin wasa na Ahmadu Bello na cika da 'yan kallo, samari kuma na taka leda a kowane fili na unguwa da na makaranta. A garin aka haifi Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da 'yan gidan Babayaro, wato Emmanuel da Celestine, dukkansu tsararrakinsa ko kusa da haka.

Daga ƙungiyoyin gida ya wuce Julius Berger ta Legas a farkon shekarun 1990, daga nan kuma ya yi ɗan gajeren zama a Espérance ta Tunisiya wajen 1996.

Zinaren Atlanta

Koci Jo Bonfrère, mutumin Holan, shi ya sa Lawal cikin 'yan wasa 18 da suka tafi gasar Olamfik ta Atlanta a Amurka. Samun gurbi a tsakiyar wannan tawaga ba wasa ba ne, domin akwai Austin Okocha da Sunday Oliseh da Wilson Oruma, ga Emmanuel Amunike da Babangida a gefe. Najeriya ta doke Hungary da Japan a rukuni, ta sha kashi a hannun Birazil da ci ɗaya mai ban haushi, sannan ta cire Meziko da ci 2-0. A wasan kusa da na ƙarshe ta sake haɗuwa da Birazil, ana cin ta 3-1 ta farke, Nwankwo Kanu ya ci ta huɗu a ƙarin lokaci. Ranar 3 ga Agustan 1996 ta doke Ajantina 3-2 a garin Athens na jihar Jojiya, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ci zinare a ƙwallon ƙafa na Olamfik.

Mutum biyar cikin 18 ɗin haifaffun Kaduna ne, kuma biyu daga cikin ƙwallaye ukun wasan ƙarshe 'yan Kaduna ne suka ci, Celestine Babayaro da Amokachi. Har yau manya na kafa hujja da wannan a gidajen kallon ƙwallo na Tudun Wada da Kawo idan gardama ta tashi kan garin da ya fi ba ƙasa 'yan wasa.

Roda JC

Bayan Olamfik ya koma Roda JC da ke Kerkrade, tsohon garin haƙar kwal a kudancin Holan daf da iyakar Jamus. Ya isa ne a shekarar da Babangida ya bar ƙungiyar zuwa Ajax, kamar dai ɗan Kaduna ya tashi ɗan Kaduna ya zauna. A nan ya yi mafi tsawon zamansa a Turai, daga 1996 zuwa 2002, kuma zamanin ya zo daidai da lokacin da ƙungiyar ta fi cin moriya a tarihinta. Roda ta ɗauki Kofin Holan a 1997 bayan ta doke Heerenveen 4-2 ƙarƙashin koci Martin Jol, ta sake ɗauka a 2000 da ci 2-0 a kan NEC ƙarƙashin Sef Vergoossen. Waɗannan biyun su ne kofunan Holan da ƙungiyar ta taɓa ci. A kakarsa ta ƙarshe Roda ta kai zagaye na huɗu a gasar kofin UEFA, inda AC Milan ta fitar da ita da ƙyar a bugun fenariti.

Faransa 1998 da ƙwallon Sifaniya

Ranar 13 ga Yunin 1998, kwana biyar bayan rasuwar Janar Sani Abacha, Najeriya ta kara da Sifaniya a birnin Nantes. Bora Milutinović ne koci. Fernando Hierro ya fara ci, Mutiu Adepoju ya farke da ka, Raúl ya ƙara ta biyu da dawowa daga hutun rabin lokaci. A minti na 73 Lawal ya kutsa ta gefen hagu har ya kusa layin ƙarshen fili, inda babu wata kafar harbi ta kirki, ya shimfiɗa ƙwallon a ƙasa zuwa bakin raga. Andoni Zubizarreta, kyaftin ɗin Sifaniya kuma ɗaya daga cikin gogaggun masu tsaron raga na wancan zamani, ya riga ya matsa gaba yana jiran a miƙa wa na tsakiya. Ya miƙa hannu ya tare, ƙwallon ta taɓa hannun ta faɗa ragarsa. Minti biyar bayan haka Oliseh ya ɗirka ta uku daga nesa, aka tashi 3-2.

An sha bamban kan mai wannan ƙwallo. Wasu kundaye sun rubuta ta da sunan Lawal, wasu sun ce golan ne ya ci gida. Ga masu kallo a Najeriya dai ta Garba ce. Sifaniya ba ta fita daga rukuni ba duk da ta lallasa Bulgeriya 6-1, Zubizarreta kuma ya rataye safar hannunsa bayan gasar. Najeriya ta doke Bulgeriya 1-0, Paraguay ta ci ta 3-1, sannan Denmak ta yi waje da ita da ci 4-1 a zagayen 'yan 16.

Kofin Afirka

Najeriya ta janye daga gasar 1996 a Afirka ta Kudu saboda takun saƙar siyasa, aka kuma hana ta shiga ta 1998, don haka sai a 2000 Lawal ya fara buga Kofin Afirka. A shekarar Najeriya da Ghana ne masu masaukin baƙi, Kamaru ta ɗauke kofin a Legas da bugun fenariti bayan an tashi 2-2. Gasa uku da suka biyo baya duk a mataki na uku Najeriya ta ƙare, kuma a kowacce Lawal ya ci ƙwallo.

A Mali a 2002, shi ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta fitar da Ghana a wasan daf da na kusa da na ƙarshe, saura kamar minti goma a tashi. A Tunisiya a 2004 ya ci ta farko a wasan da aka doke Benin 2-1. A Masar a 2006, yana da shekara 31, shi ya ci Sanagal ƙwallon da ta ba Najeriya tagulla a Alƙahira. Ga ɗan wasan da ƙwallayensa a tawagar ƙasa ba su cika yatsun hannu biyu ba, rabinsu a Kofin Afirka suka faɗo, biyu kuma su kaɗai suka raba gardama a wasanninsu.

Bayan gasar Mali an sallami koci Shu'aibu Amodu, wanda ya gaje shi, Adegboye Onigbinde, ya ajiye manya irin su Oliseh da Finidi George. Lawal na cikin tsofaffin hannun da suka tsira, ya je Kofin Duniya na Koriya da Japan, inda Najeriya ta sha kashi a hannun Ajantina da Suwidin, ta yi canjaras da Ingila.

Salon wasa

Lawal ba ɗan yanka da burgewa ba ne irin Okocha, ba shi kuma da gudun Babangida. Abin da ya riƙe shi shi ne juriya da bin umarnin koci da iya cike gurbi. Ana sa shi a gefen hagu na tsakiya, ana mayar da shi tsakiya ya tare hanya, wani lokaci har baya ta hagu. Idan masu gwaninta sun hau gaba, shi ke komawa ya toshe ramin da suka bari, aikin da ɗan kallo ba ya lura da shi sai ranar da babu mai yin sa. Shi ya sa wasu 'yan kallo suka riƙa tambayar me yake yi a fili, alhali Bonfrère da Milutinović da Amodu da Onigbinde da Christian Chukwu da Augustine Eguavoen, kowa da irin tsarinsa, duk sun yi aiki da shi.

Ƙarshen wasa da bayansa

Daga Roda ya koma Levski Sofia ta Bulgeriya a 2002, sannan ya yi gajerun zama a Elfsborg ta Suwidin, Santa Clara ta Fotugal, Iraklis ta Girka da Changsha Ginde ta ƙasar Sin. Ya dawo gida ya sake sa rigar Julius Berger, wajen 2009 kuma ya je Lobi Stars ta Makurɗi yana wasa yana taimaka wa masu horarwa.

Bayan ya rataye takalmi ya riƙe muƙamin babban manajan Kaduna United wajen 2014, ya kuma yi aiki a kwamitin harkokin fasaha na hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya.