Sirrin mara lafiya da ran wanda ya ambata

Tambayar da aka fi yi mini a ɗakin shawara, musamman samari, ita ce: "Malam, abin da zan faɗa maka a nan zai tsaya?" Nakan ce ƙwarai kuwa, amma da sharaɗi guda, kuma tun kafin mutum ya buɗe cikinsa nake gaya masa. Shaye-shayenka, rikicin aurenka, muryoyin da kake ji cikin dare, duk amana ce, ko mahaifinka ba zai ji daga bakina ba sai da yardarka. In kuwa na ga da gaske kana shirin hallaka wani, ko kanka, to ba zan naɗe hannu ba.

Wannan sharaɗi yana da tarihi. A shekarar 1968 wani ɗalibi ɗan Indiya, Prosenjit Poddar, ya haɗu da wata budurwa, Tatiana Tarasoff, a garin Berkeley na jihar Kalifoniya a Amurka. Shi ya ɗauka soyayya ce, ita kuma ta nuna masa ba haka ba. Abin ya ci shi har ya watsar da karatu. A 1969 ya fara ganin wani masanin halayyar ɗan'adam a asibitin jami'a, Dakta Lawrence Moore, ya kuma gaya masa cewa zai kashe wata yarinya in ta dawo daga tafiya. Bai kira sunanta ba, amma gane ta ba wuya. A lokacin tana Burazil.

Moore bai yi shiru ba, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskuren labarin. Ya sanar da 'yan sandan jami'a, ya ce a tsare mutumin a asibiti. Suka kama shi, suka ga yana magana daidai, ya yi alkawarin ba zai kusance ta ba, suka sake shi. Shugaban sashen da Moore ke aiki ya ba da umarnin a lalata takardun da ya rubuta a kan Poddar, a bar maganar. Poddar ya daina zuwa asibiti. Ba wanda ya faɗa wa yarinyar ko iyayenta komai. Ranar 27 ga Oktoba 1969 ya je gidansu ya kashe ta da wuƙa.

Iyayenta suka kai ƙara. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke a 1974 cewa wajibi ne mai magani ya gargaɗi wanda ake wa barazana. Likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ca, suka ce in haka ne marasa lafiya za su ja bakinsu, ga shi ba wanda ya san gaibu balle ya ce wane zai aikata. Kotun ta sake zama a 1976, ta faɗaɗa hukuncin: abin da ke wuyan mai magani shi ne ya yi iyakar ƙoƙarin da hankali zai ɗauka don kare mutumin, gargaɗi kuwa hanya ɗaya ce cikin hanyoyi. Ƙorafin likitocin yana da ƙamshin gaskiya. Sai dai a nawa ganin, wanda aka gaya wa iyakar sirri tun ranar farko ya fi sakin jiki da kai a kan wanda ya gano daga baya.

Ba kowace maganar zafin rai ba ce barazana. "Wallahi sai na kashe shi" kalma ce da ake ji a kasuwa da tasha kullum, a kuma ci abinci tare da yamma. Abin da muke dubawa shi ne: akwai takamaiman mutum? Ya tsara yadda zai yi da lokacin da zai yi? Makamin yana hannunsa? Ya taɓa ji wa wani rauni? Yana shan ƙwaya? Ya daina shan maganinsa? Ko an samu waɗannan, ba ofishin 'yan sanda ake fara rugawa ba. Ana iya matso da ranar ganin likita, a gyara magani, a kira wani babba a gidan, a kwantar da shi. In duk wannan bai wadatar ba, sai a sanar da wanda ke cikin haɗarin da kuma hukuma. Ko a nan ɗin, iya abin da zai tsare rai ake faɗa, sauran tarihinsa yana nan a rufe.

Hukuncin Kalifoniya ba ya aiki a kotunanmu. Amma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya, wadda ta hana fallasa bayanan mara lafiya, ta bar ƙofa in kotu ta umarta ko in shirun zai jefa jama'a cikin babban haɗari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta tsara yadda ake kwantar da mutum ba da son ransa ba, tare da kare haƙƙinsa.

Kada wani ya karanta wannan ya fara tsoron ɗan'uwansa. Mafi yawan masu taɓin hankali ba sa cutar da kowa, su ne ma aka fi duka da jifa da ɗaurewa a mari.

Ku iyalai, kunnuwanku sun fi namu kusa. Mu minti talatin muke yi da shi, ku kuna kwana gida ɗaya. A 2004 wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta ce barazanar da uba ya ji daga bakin ɗansa ya kai wa mai magani, ita ma tana ɗora masa wannan nauyi. Don haka in kun ji yana maimaita sunan kishiya, ko tsohuwar budurwa, ko maƙwabcin da yake zargi da yi masa sammu, ku zo ku faɗa mana kalmomin yadda ya furta su, kada ku rage don kunya. Ku ɗauke adda da wuƙa da fiya-fiya daga ɗakinsa, ku raba shi da wanda ya ambata, kada ku tsaya musu da shi a kan abin da ya yi imani da shi. Ku kawo shi a ranar, da ragowar maganinsa da katin asibiti.