Tsofaffin Gidajen Siliman Mumbai: Abin da Baƙo Ya Kamata Ya Duba

A ƙauyukanmu na Ringim da Taura da Gabasawa an daɗe da sabawa da finafinan Indiya, kuma yanzu da wasu ke zuwa Mumbai karatu ko rakiyar marar lafiya, akan ji tambayoyi game da tsofaffin gidajen siliman birnin, waɗanda aka gina da yawansu a salon da ake kira Art Deco.

Wane irin gini ne ake kira Art Deco?

Salon gini ne da ado wanda ya samo sunansa daga wani babban baje koli da aka yi a birnin Faris na Faransa a 1925, daga nan ya bazu zuwa Amurka da Indiya da wasu biranen Afirka. Ana gane shi da layuka miƙaƙƙu da ke hawa sama, da zane mai kusurwa-kusurwa da ake maimaitawa, da hoton rana mai fitar da haske, da kuma saman gini mai hawa-hawa wanda ke tsukewa yayin da yake ƙara tsawo. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yadda maginan gargajiya ke ƙawata fuskar soro da zane, sannan su kafa zankwaye a samansa, ba zai sha wahalar fahimtar manufar ba, domin a duka biyun ana so ne fuskar gini ta nuna darajarsa tun daga nesa.

Me ya sa gidajen silima suka fi ɗaukar wannan salo?

Lokacinsu ne ya zo ɗaya. Fim mai magana ya shigo a ƙarshen shekarun 1920, masu kuɗi suka shiga gina manyan ɗakunan kallo, kuma salon da ake yayi a lokacin shi ne wannan.

Waɗanne ne suka fi cancanta a ziyarta?

Biyu sun isa. Regal, wanda aka buɗe a 1933 a unguwar Colaba, tafiyar ƙafa ce kaɗan daga babbar ƙofar nan ta bakin teku da ake kira Gateway of India, kuma yana daga cikin gidajen farko a ƙasar da aka sanya wa na'urar sanyaya ɗaki. Eros kuwa an buɗe shi a 1938 daura da tashar jirgin ƙasa ta Churchgate, kuma a ganina shi ya fi kyau daga waje: an haɗa jan dutse da aka kawo daga Agra da bango mai launin madara, sannan hasumiyarsa tana tashi mataki-mataki a kan kusurwar titi, ta yadda mai fitowa daga tasha zai gan ta kafin komai. A 2018 hukumar UNESCO ta sanya gine-ginen wannan yanki cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Idan mutum ya shiga, me zai duba?

Ya je da wuri, tun kafin a kashe fitilu, domin da zarar fim ya fara duk adon ya ɓace cikin duhu. Ya tsaya a zauren shiga ya dubi daɓen ƙasa da madogaran matakala da siffar fitilun, sannan ya ɗaga kai ya kalli rufi. Wannan rufin ne zai fi ba mutumin Kano mamaki, musamman dattijon da ya san tsofaffin silimomin birni waɗanda galibinsu fili ne ba rufi, sai dare ya yi ake haska fim. Kujerar bene ta fi tsada, amma daga can ne ake ganin ɗakin gaba ɗaya. A sani kuma cewa akan kaɗa taken ƙasar Indiya kafin a fara fim, jama'a su miƙe tsaye, kuma ladabi ne baƙo ya miƙe tare da su.

Wanda ba ya shiga silima saboda addini ko tarbiyya fa?

Bai yi asara mai yawa ba, tunda mafi girman abin kallo yana waje kuma kyauta ne. Zai iya farawa daga Eros, ya bi gefen filin Oval Maidan inda benaye masu wannan salo suka jeru suna fuskantar tsofaffin gine-ginen Turawan Ingila, sannan ya gangara titin Marine Drive na bakin teku da yamma. Sai dai ya lura da damina, domin daga watan Yuni zuwa Satumba ruwan Mumbai yakan sauka da ƙarfi har tituna su cika.