Mene ne "wanke kabon", kuma yana yi wa inji amfani?

Idan bakanike ya ce motarka ta yi kabon, yana nufin baƙar dauɗar da ke taruwa a cikin inji, mai kama da baƙin gindin tukunya amma ta fi shi tauri. Fetur ko dizal ba ya ƙonewa ƙurmus. Ɗan abin da ya rage, haɗe da tururin baƙin mai da hayaƙin da injin ke mayarwa ciki, shi ke mannewa a kan fistin, bakin nozul, fulogi da bayan bawul. Zafi ya gasa shi yau, ya gasa shi gobe, har ya zama ɓawo.

Babu injin da ke rasa shi, kuma kaɗan ba ya hana komai. Sai ya yi kauri ne mota za ta fara rawa a silo, ta yi nauyin tashi, ta ƙara shan mai. Abin da ya fi kawo shi gajerun tafiye-tafiye ne da ba sa barin inji ya ɗau zafi, da daɗewa a tsaye inji na kunne, da jinkirta juyen baƙin mai.

Inda ake ruɗa mutane shi ne, ayyuka daban-daban ne ake kira da suna ɗaya, wanke kabon, alhali ba wuri ɗaya suke kaiwa ba.

Ɗauki maganin kwalba da ake zubawa a tanki. Mai kyau daga cikinsu yana ɗauke da sinadarin da ake kira PEA, kuma yana aiki: yana wanke nozul, yana rage dauɗar ɗakin ƙona mai a hankali. Amma iyakarsa inda fetur ke bi. A tsohon tsari, ana fesa fetur ne a bayan bawul ɗin shigar iska, don haka kullum man na wanke shi a kan hanyarsa. Tun da Mitsubishi ya fito da injinsa na GDI a 1996, sauran kamfanoni suka bi sahu, motoci da yawa kai tsaye suke fesa fetur cikin silinda. Wannan yana rage shan mai, sai dai fetur ya daina taɓa bayan bawul, tururin baƙin mai kuwa bai daina ba. A irin wannan inji, ko kwalba goma ka juye a tanki, ba ɗigon da zai isa wurin da dauɗar take. Toyota kuwa ya haɗa hanyoyin fesawa biyu a tsarinsa na D-4S, don haka fetur na ci gaba da taɓa bayan bawul, wasu ma suka yi haka.

Sai na'urar haidurojin, wadda ake yawan tallatawa. Tana amfani da lantarki ta fitar da iskar haidurojin daga ruwa, a tura iskar da ta fito ta hanyar shan iskar inji yana kunne na kusan awa guda, ba a kwance ko noti ɗaya ba. Ni dai ban gamsu da ita ba. A cikin silinda haidurojin ke ƙonewa, bayan ya riga ya wuce bawul, kuma ɗan ƙanƙani ne idan aka gwada shi da iskar da injin ke zuƙa. Mai yiwuwa ya sassauta dauɗa mai laushi, amma ɓawon shekaru ya fi ƙarfinsa. Mutum ya biya kuɗi, ya ji kamar mota ta yi sauƙi, sau da yawa zafin da injin ya ɗauka ne ya taimaka.

Aikin da ke cire ɓawon da gaske sai an kwance. Ana cire manifol, wato bututun da ke raba iska ga silindoji, a tabbatar bawul ɗin da za a yi wa aiki a rufe yake, a feshe shi da niƙaƙƙen ɓawon wolnot (wani ɗan itace mai ɓawo mai tauri) da iska mai ƙarfi, a zuƙe dattin. Ɓawon wolnot ɗin ya fi kabon tauri amma bai kai ƙarfe ba, saboda haka ba ya cin inji. Wannan aiki ya fi tsada, ya fi cin lokaci, amma za ka ga bambancin da idonka.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗora wa kabon laifin kowace matsala. Mataccen koyil, tsohon fulogi ko iska mai shiga ta tsagaggen tiyo duk suna sa mota rawa iri ɗaya. Kafin ka yarda a wanke, ka nemi a sa kwamfuta a karanta matsalar, sannan a zura ƙaramar kyamarar duba inji a nuna maka dauɗar, a sake nuna maka bayan an gama. In kuwa ringin fistin ne ya mutu inji na shan baƙin mai, ko an wanke shi fes kabon zai dawo, sai an gyara ringin.