Yawan Saɓa ga Manyan Macizan Indigo da Ake Kiwo

Macijin indigo baƙin maciji ne marar dafi da ke zaune a kudu maso gabashin Amurka, musamman jihohin Jojiya da Filorida. Masana dabbobi suna kiransa Drymarchon couperi. Cikin abubuwan da aka san shi da su akwai yawan saɓa: ko bayan ya gama girma yakan tuɓe tsohuwar fatarsa kusan duk kwana 30 zuwa 45, alhali manyan macizai da yawa sau biyu zuwa huɗu suke yi a shekara. Wannan ɗabi'a takan tayar da hankalin sabon mai kiwo, wanda ya saba jin cewa ƙaramin maciji mai tasowa ne ke yawan saɓa, babba kuwa sai jifa-jifa.

Macijin kansa

John Edwards Holbrook ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1842, kuma ya raɗa masa sunan James Hamilton Couper, wani mai gonaki a Jojiya. Kalmar Drymarchon daga Girkanci take, ma'anarta sarkin daji. Shi ne mafi tsawo cikin macizan da asalinsu ƙasar Amurka ne. Namiji yana iya kai mita biyu da rabi, mace ba ta kai shi ba. Sunan indigo kuwa daga shuni ya samo shi. Wanda ya taɓa ganin rawanin ɗan Kura da ya sha bugu, baƙi wuluk amma yana walƙiyar shuɗi da ja-ja idan rana ta doke shi, to ya ga launin wannan maciji. Ba wani rini ne a jikinsa ke ba da wannan sheƙi ba. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 1968 ya nuna cewa siraran layuka ne a saman ɓawon fatar suke karkasa haske. Shi ya sa macijin ya fi ƙyalli a ranar da ya yi saɓa, kafin ƙasa da gogayya su dusashe saman.

Ba mai kwanton ɓauna ba ne irin kasa ko mesa. Da rana yake yawo yana farauta, yana cin kwaɗi, ɓeraye, ƙananan kunkuru, tsuntsaye, da wasu macizai har da masu dafi. Ba ya naɗe abin da ya kama. Da ƙarfin muƙamuƙi yake danne shi. Da sanyi yakan fake a ramukan wani kunkurun yankin mai haƙa dogon rami cikin rairayi. Raguwar dazukan da wannan kunkuru ke zaune, da kamun da 'yan kasuwar dabbobi suka riƙa yi masa, su suka sa gwamnatin Amurka ta saka shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazana a 1978. Tun daga nan sayar da shi daga wata jiha zuwa wata sai da takardar izini ta gwamnatin tarayya, kuma waɗanda ke hannun masu kiwo na halal a keji aka ƙyanƙyashe su.

Yadda saɓa take faruwa

Fatar mutum kullum tana zubar da matattun ƙwayoyinta kaɗan-kaɗan ba a lura. Ta maciji a dunƙule take fita. Masanin nan Paul Maderson ya fayyace matakanta a shekarun 1960: bayan wani lokaci na hutu, fatar takan gina cikakken sabon rufi a ƙarƙashin tsohon, sannan wani ruwa ya shiga tsakani ya raba su.

A keji ana gane wannan da ido. Baƙin jikin yakan koma toka-toka kamar an barbaɗa masa gari, jan da ke haɓa da maƙogwaron wasunsu ya dushe. Maciji ba shi da fatar ido mai ƙiftawa, wani ɓawo ne garai-garai ya rufe idon, kuma shi ma yana cikin abin da za a tuɓe. Idan ruwan ya taru a ƙarƙashinsa sai idon ya yi fari-shuɗi kamar mai yana. A kwanakin nan macijin ba ya gani sosai, yakan ƙi abinci, ya shige maɓoya, wanda aka sani da sanyin hali ma ya riƙa huci yana kaɗa wutsiya in an taɓa shi. Daga nan idon ya washe, kwana kaɗan bayan haka ya goga hancinsa a jikin dutse ko itace, fatar ta tsage a leɓe, ya zare jikinsa ya bar ta a juye kamar safar da aka cire da sauri. Daga dushewar launi zuwa fitar saɓar yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14. Idan aka lissafa, macijin da ke saɓa duk wata ɗaya da 'yan kwanaki yana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na rayuwarsa a wannan hali.

Abin da ke sa ta yawaita

Girma ba shi kaɗai ke jawo saɓa ba, ko da yake shi aka fi ambata. Saɓa gyaran fata ce, kuma dabbar da ke tafiya mai nisa a kan ciki, tana kutsawa ramuka, tana kokawa da abincin da ke cizo, fatarta tana shan wahala. Indigo kuma jikinsa na saurin narkar da abinci. Masu kiwonsa sun san shi da yawan ci, yawan shan ruwa da yawan kashi. A keji sai abin ya ƙaru, don abinci ba ya yankewa, ɗumi ma ba ya yankewa. Macijin da ake ba ɓera ko ɗan tsako duk mako, a ɗakin da ba ya sanyi ko da hunturu, ba shi da lokacin da jikinsa zai lafa. Mace mai ɗauke da ƙwai takan yi wata saɓa ta daban kafin ta saka su, kuma masu kiwo da ita suke ƙirga ranar da za su ajiye mata akwatin ƙwai.

Sinadaran jiki ma suna da hannu. Gwaje-gwaje sun nuna cewa idan aka cire wa maciji ƙullin tayirod, wato wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo ga mutum, saɓarsa takan yawaita. Ga ƙadangaru akasin haka ne.

Lokacin da take nuna ciwo

Adadin saɓa shi kaɗai ba ya nuna lafiya ko ciwo. Abin dubawa shi ne ko macijin ya sauka daga tsarin da aka san shi da shi, da kuma kamannin saɓar da ya bari. Indigo mai lafiya yakan bar ta guda ɗaya tun daga hanci har ƙarshen wutsiya, da murafan ido biyu a jikinta. Wanda ya gama wata saɓa yau, bayan mako biyu idonsa ya sake yin fari, ko saɓar tana fita guntu-guntu, akwai abin da ke damun fatarsa.

Rauni na gaba-gaba. Indigo maciji ne mai zirga-zirga, idan keji ya yi masa ƙanƙanta yakan yi ta goga hanci a waya ko gilashi har ya saɓule. Ƙuna daga fitilar ɗumama keji da cizon ɓera mai rai su ma haka. Jiki yakan jero saɓa a kai a kai har tabon ya rufe. Sai kuma wasu mitsi-mitsin ƙwari masu shan jini, dangin kaska, da ake kira Ophionyssus natricis. Sukan maƙale a gefen ido da ƙarƙashin haɓa, kuma alamar farko sau da yawa ita ce a ga macijin ya tare a kwanon ruwa, a tarar da baƙaƙen ɗigo kamar garin barkono a gindin kwanon. Shimfiɗa mai jiƙe da ƙazanta takan kawo ƙuraje masu ruwa a fatar cikinsa, kuma da yake indigo mai yawan kashi ne, kejinsa ya fi na sauran macizai saurin ɓaci.

Mafi tsanani ita ce cutar da wani fangas, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, mai suna Ophidiomyces ophidiicola ke haddasawa, mai sa ɓawon fata ya yi kauri, ya yi ɓamɓaroki, fuska ta kumbura. An same ta a jikin macizan indigo na daji a Jojiya. Wani gwaji da aka buga a 2015 a kan wani nau'in maciji na daban ya nuna waɗanda aka sa wa cutar sun fi sauran yawan saɓa. Saɓar takan tafi da ɓawon da ya kamu, macijin ya fito tas kamar ya warke, amma idan fangas ɗin ya riga ya shiga can ƙasan fata sai ya dawo. Nan ne mai kiwo ke ruɗuwa, ya fasa kai shi wurin likitan dabbobi.

Kulawa

Indigo ba ya son zafi irin na mesa. Ɗumi tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salsiyos ya ishe shi, da wani ɓangare mai sanyi a kejin. Yana buƙatar ruwa mai tsabta kullum, da akwatin ɓuya mai danshi a ciki yayin da sauran shimfiɗar take a bushe. Ba a ɓare masa fata da ƙarfi, balle murfin ido. Idan wani guntu ya maƙale, musamman zoben da kan shaƙe ƙarshen wutsiya har ya kashe ta, jiƙa shi ake yi a ruwa mai ɗan ɗumi. Rubuta ranar kowace saɓa da nauyin macijin ya fi kowace dabara amfani, domin a keji yakan haura shekara ashirin, kuma ba mai iya riƙe lissafin nan a ka.

Irin wannan rajista ake ajiyewa a cibiyar kiwon indigo ta Orianne da ke Eustis a Filorida, wadda gidan zu na Central Florida ke gudanarwa. A can ake renon 'ya'yan kimanin shekara biyu kafin a sake su a dajin Conecuh na Alabama, inda aka fara saki a 2010, da kuma gandun Apalachicola Bluffs and Ravines a arewacin Filorida tun 2017. Saɓar da suke bari a bakin ramukan kunkuru tana taimaka wa masu bincike: ana ciro ƙwayoyin gado daga jikinta, har an horar da karnuka su riƙa gano ta da sansana.