Kada a figi ganyen masara tun tana ɗanya

'Yan uwa manoma, da zarar masara ta yi goyo sai ka ga an shiga gona ana figar ganye a kai wa tumaki, wasu har su sare kanta. A wajen mai gona harawa ce ta kyauta, alhali daga buhunsa ake cire kuɗinta.

A ganye masara ke haɗa abincinta. Koren da ke jikinsa ne ke kama hasken rana, ya haɗa ruwan da saiwa ta jawo da iskar da ke shiga ta ƙananan ƙofofin ganye, a samu sukari. Sukarin nan ne ke tafiya cikin goyo ya zama ƙwaya. Bayan gemu ya fito, yawancin abin da ke cika ƙwaya daga ganyen da ke jikin goyo da waɗanda ke samansa yake zuwa. Ka cire su, ƙwaya ta tsotse, bakin goyo ya zauna babu komai.

Masu binciken iri sun daɗe suna aiki a kan ganyen nan. A Amurka, tun da noman iri mai aure, wato wanda ake samu ta haɗa iri daban-daban, ya bazu a shekarun 1930, an yi ta zaɓen masarar da ganyenta ke miƙewa sama maimakon ya kwanta, don haske ya ratsa har ganyen ƙasa, kuma gona ta ɗauki shuka da yawa ba tare da wata ta shanye wa wata rana ba. Ana kuma neman wadda ganyenta ke jimawa kore har ƙwaya ta ƙosa. A nan gida, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tare da IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, su ke fitar da ire-iren masara masu suna SAMMAZ da muke shukawa.

To, iri mai kyau sai da tazarar da ta dace: santimita 75 tsakanin kunya, 25 tsakanin rami, tsiro ɗaya a rami, wato kusan 53,000 a hekta. In ganyen ƙasa ya fara rawaya daga tsini yana bin tsakiya, taki yake nema. A sa yuriya da wuri, a rufe ta da ƙasa mai danshi.

Harawa kuwa a jira sai ɓawon goyo ya bushe, an ɓare ƙwaya an ga ɗigon baƙi a gindinta. Daga nan sai a figa a ɗaure.