Me Ake Nufi da Fiton Na'urar Ƙara Ji?

Fito shi ne siririn kukan nan mai tsinin gaske da kan tashi daga kunnen mai sanye da na'urar ƙara ji. Masu gyaran sauti suna ce masa fidbak. Irinsa ne lasifikar masallaci ke yi idan ladan ya matso da makirfo kusa da ita.

A jikin na'urar akwai ƙaramin makirfo mai ɗaukar sauti, da ƴar lasifika mai zuba shi cikin kunne bayan an ƙara masa ƙarfi. In wani ɓangare na sautin ya sulale ya fito, sai makirfon ya sake ɗaukarsa, a sake ƙara shi, ya yi ta zagayawa har ya zama fito. Galibi laifin robar da ke toshe kunne ne, ko ta yi sako-sako ko bututunta ya tsage. Dauɗar kunne ma takan tare sautin ta maido shi waje. Haka hula ko mayafi ko wayar da aka kara a kunne. Yara kuwa kunnensu girma yake yi, dole a riƙa sake musu robar.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin rage ƙarar na'urar don a huta. Fiton zai tsaya, amma ya tafi da amfanin na'urar. Yakan taso ne a siraran sautuka, inda haruffa irin su "s" da "sh" suke, kuma su ne tun farko mai raunin ji ya fi rasawa. Sai tsoho ya zauna cikin iyalinsa yana jin hayaniya, ba ya rarrabe magana.

Tun da na'urori masu aiki da ƙwaƙwalwar kwamfuta suka shigo kasuwa a 1996, dabara ta sauya. Na'urar kan ƙiyasta sautin da ke dawowa, ta cire shi kafin ya sake zagayawa, wasu kuma su ɗan gusar da amon kaɗan don zagayen ya katse. Sai dai wani lokaci takan ɗauki dogon busar sarewa a matsayin fito, ta ɓata kiɗan.

Duk da haka, ba za ta gyara robar da ba ta zauna daidai ba. In fiton ya ƙi ƙarewa, a je likitan kunne ya duba dauɗa, a sake awon robar. Kada a zura tsinke.