Sakacin gyaran manyan motoci da matsayin direba

Sakacin gyara a harkar manyan motoci shi ne barin tirela, tanka ko gingimari ta ci gaba da ɗaukar lodi alhali an san akwai matsala a birkinta, tayoyinta, sitiyarinta ko fitilunta. A Najeriya, inda mafi yawan man fetur, siminti, hatsi da dabbobi ta kan titi suke tafiya tsakanin Kudu da Arewa, lamarin ya shafi duk wanda ke hawa mota ko yake kasa kaya a bakin hanya. Tushen matsalar shi ne rabuwar sani da iko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: direba ne farkon wanda ke jin motar ta sauya ƙara ko birki ya yi laushi. Amma kuɗin gyara, da ikon cewa a ajiye mota a gareji, suna hannun mai ita.

Inda mota ke fara gazawa

Birki ne kan gaba. Manyan motoci da iska suke kama birki, ba da mai ba kamar ƙananan motoci. Injin yana juya famfon da ke cika tankunan iska, direba ya taka, iskar ta bi tiyo ta tura takalmin birki ya matse gangar taya. Ko'ina a wannan hanya ana iya samun matsala: tiyo ya tsage, famfo ya gaji ya daina cika tanki da wuri, ruwa ya taru a tankin iska saboda ba a zubar da shi kullum, ko takalmin ya cinye har tazararsa da ganga ta yi yawa. Masu ƙera motocin sun tanadi kariya, domin a ƙafafun baya akwai ƙaƙƙarfan sifirin da iska ce ke danne shi, da zarar iska ta yi ƙasa sosai sai ya saki ya kama tayoyin da kansa. To amma idan tukunyar birkin wata ƙafa ta fara yoyo a hanya, abin da aka saba yi shi ne a ɗaure sifirin ɗin ko a toshe tiyon da ke kai mata iska, don a samu a ƙarasa. An yi wannan dabara ne don a janye mota zuwa wurin gyara. Idan aka bar ta a haka aka sake lodi, sauran ƙafafun ne za su ɗauki aikin wadda aka kashe, su yi zafi da wuri.

A gangara mai tsawo ake gane gaskiyar birki. Idan direba ya yi ta takawa, ganga ta yi zafi ta buɗe, takalmi ya daina kamawa yadda ya kamata, shi ne ake cewa birki ya shanye. Shi ya sa direbobi ke girmama wurare irin su Hawan Kibo a kan hanyar Jos zuwa Akwanga, da gangarar Ugwu Onyeama a mashigar Enugu. Gogaggen direba yakan sa babbar giya mai riƙe mota tun kafin ya fara sauka, ya bar injin ya yi aikin, ya riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan. Wannan yana taimakon mota mai lafiya, amma ba ya mayar da ƙafar da aka kashe.

Sai tayoyi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗin cewa taya ta tashi daga aiki bayan shekara huɗu da ƙerawa. Tsadar sabuwa takan sa a koma wa ta hannu, ko a yi ta kai tsohuwa wurin mai faci har zare ya fito. Fashewar tayar baya ɗaya cikin tagwaye ba lallai ta kayar da mota ba, amma ta gaba, wadda sitiyari ke juyawa, idan ta fashe da lodi ana gudu, da wuya direba ya iya riƙe kan motar. Akwai kuma rashin fitilun baya da ƙyallen da ke haskawa da dare, da kwantenar da aka ɗora ba a kulle ƙugiyoyinta ba, da murfin tankar mai da ba ya rufuwa ruf.

Lodin da ya wuce ƙima yana tsananta duk waɗannan. Lita 33,000 ta fetur nauyinta ya kai kimanin tan 24, lita 60,000 kuwa ta haura tan 40, ban da nauyin motar kanta.

Yadda ake biyan direba

Ba a fahimtar dalilin da ya sa mutum mai hankali zai tuƙa motar da ya san ba ta da birki sai an dubi yadda yake samun abinci. Direbobi da yawa albashinsu na wata ɗan kaɗan ne, ko ma babu. Abin dogaro shi ne kuɗin hanya da abin da ya rage bayan an sha gas an sauke kaya. Wasu kuma balas suke kawowa, mai mota ya yanka musu abin da za su ba shi a kowane zuwa, ribarsu ita ce abin da ya hau kai. A irin wannan tsari, kwana uku a gareji kwana uku ne babu shiga, ga direba da yaran motarsa duka. Idan ya ce ba zai tashi ba sai an gyara, amsar da ya fi jin tsoro ita ce a ce ya ajiye makulli, domin a tasha akwai direbobin da ke zaman jiran mota.

Su ma masu motocin ba duka ne marasa tausayi ba. Yawancin kayan gyara daga waje ake shigo da su, faɗuwar darajar naira ta ninka farashinsu, munanan hanyoyi suna karya sifirin da ƙafafu, kuma mai mota ɗaya ko biyu sau da yawa bashi yake biya da abin da motar ta kawo. Ƙungiyarsu ta NARTO ta sha kokawa cewa kuɗin dakon mai ba ya rufe kuɗin gas da gyara. Wannan bayani ne na yadda sakaci ke farawa, ba hujja ba ce: mai mota yana lissafin naira ne, wanda ke cikin motar da wanda ke gabanta da rai suke biya.

Abin da direbobi ke yi

Mataki na farko shi ne duba mota kafin a tashi. Direba ko babban yaronsa yakan zagaya yana bubbuga tayoyi da ƙarfe don jin wadda iska ta ragu, ya duba ƙusoshin ƙafa, ya zubar da ruwan tankin iska, ya tayar da injin ya jira agogon iska ya cika, sannan ya kashe ya saurara ko akwai inda ke huci. A kan hawa, yaron mota yakan sauka da waigi a hannu yana bin motar, don ya cusa a bayan taya idan ta fara komawa baya. Ganin waigi ya zama wani ɓangare na birki a idon mutane ya isa ya nuna yadda aka saba da motoci marasa lafiya.

Idan an gano matsala, direba yakan fara da lallami: ya kira mai gida ya ce, ranka ya daɗe, motar nan tana son a duba ta. Wasu sukan kai mai motar wurin bakaniken da ya yarda da shi don ya ji daga bakin wani. Tun da wayoyi masu kyamara suka yawaita, direbobi kan ɗauki hoton taya ko bidiyon agogon iska su tura ta WhatsApp, wanda hakan ke zama shaida ranar da aka ce ba su faɗa ba. Idan kuɗi bai fito ba, wasu su yi gyaran da kuɗin hanyarsu, su sayi na hannu a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas. Wasu su rage gudu, su guji tafiyar dare, su tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos ƙafafu su huce. Wanda ke cikin ƙungiya mai ƙarfi, kamar reshen direbobin tanka na PTD a ƙarƙashin ƙungiyar ma'aikatan man fetur ta NUPENG, yana da inda zai kai ƙara a kira mai motar a zauna. Direban da ke jan motar mutum ɗaya ba tare da takardar ɗaukar aiki ba, zaɓinsa biyu ne, ya tafi a haka ko ya bar aikin.

Hukumomi da doka a Najeriya

An kafa FRSC a 1988, kuma dokar 2007 ce ke tafiyar da ita. A shekarar 2007 ɗin ta ƙaddamar da tsarin RTSSS, wanda ya wajabta wa duk mai motocin haya biyar ko fiye ya yi rajista, ya naɗa jami'in kula da lafiyar tafiya, ya riƙa ajiye bayanan gyara. Tana kuma da jami'ai a defo-defon mai da ke duba tanka kafin a yi mata lodi. Takardar shaidar lafiyar mota kuwa jami'an VIO na jihohi ne ke bayarwa. A jadawalin dokar 2007, tarar tuƙa mota mai matsalar inji ko birki naira 5,000 ce, abin da bai kai ko kusa da kuɗin tayar tirela ɗaya ba, kuma wanda aka tare a hanya shi ne direba.

A ranar 28 ga Yuni 2018 wata tanka ta ƙwace a gadar Otedola a Legas ta kama da wuta, motoci fiye da 50 suka ƙone, mutane aƙalla tara suka mutu nan take. Gwamnatin jihar ta bayyana daga baya cewa an ƙera motar ne don ɗaukar kimanin tan 15, aka mayar da ita tankar da ke ɗaukar ninki biyu. A Satumban 2020 birkin wata tanka ya shanye a Felele cikin Lokoja, mutum 23 suka rasu. A Janairun 2023 kwantena ta faɗo kan wata bas a Ojuelegba ta kashe mutum tara. Bayan gobarar tankar Majiya a Jigawa a Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150, da ta mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025, hukumar NMDPRA mai kula da rarraba man fetur ta hana yi wa tankoki masu lita 60,000 lodi daga 1 ga Maris 2025.

Yadda Amurka ta tsara nata

Dokar Amurka ta ɗora nauyin a kan direba da kamfani tare, kuma a rubuce. Direba ba zai tashi ba sai ya gamsu da lafiyar birki, sitiyari, tayoyi da fitilu. Idan ya ga matsala yakan rubuta rahoto a ƙarshen aikin ranar, kamfani kuma dole ya sa hannu cewa ya gyara, ko ya tabbatar gyaran bai zama dole ba, kafin motar ta sake fita. Masu duba motoci a hanya suna tsayar da duk wadda kashi 20 cikin ɗari na birkinta ya lalace, ba za ta motsa ba sai an gyara a wurin, kuma laifin yana shiga kundin kamfanin a hukumar FMCSA mai sa ido kan manyan motoci. Wani babban binciken hukumar kan haɗurran 2001 zuwa 2003 ya sami matsalar birki a kashi 29 cikin ɗari na manyan motocin da abin ya shafa.

Wata dokar 1982 ta haramta korar direba don ya ƙi tuƙa mota mai haɗari ko ya kai ƙara, kuma yana da kwana 180 ya shigar da koke a hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a bakin aiki. Shari'ar Alphonse Maddin ta nuna amfanin dokar da kuma jinkirinta. A Janairun 2009, cikin tsananin sanyi a jihar Illinois, birkin bodin tirelarsa ya daskare, na'urar ɗumama kan motar ba ta aiki. Ya jira mai gyara kusan awa uku har jikinsa ya fara mutuwa, sai ya cire bodin ya tafi da kan motar. Kamfanin TransAm ya kore shi da hujjar ya bar kaya. Sai a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar masa da gaskiya da rinjayen alƙalai biyu, na ukun, Neil Gorsuch, wanda daga baya ya hau Kotun Ƙoli, ya saɓa musu.

Irin wannan kariya tana cikin Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1981, wadda sashenta na 13 ya ce kada a hukunta ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin zai halaka shi. Najeriya ta amince da ita a 1994, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron ƙarar kora ba bisa ƙa'ida ba. Dokar biyan diyya ta 2010 ta tanadi diyyar rauni ko mutuwa a bakin aiki ta asusun NSITF, inda mai aiki ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansa. Direban da aka ɗauka da baki a tasha, da yaran motar da shi ne ma ya ɗauke su, kafin su ci moriyar ko ɗaya daga cikin waɗannan sai sun fara tabbatar da cewa su ma'aikatan mai motar ne.